Shekarun da Muka Yi Muna Jiran Torres

A daren 31 ga Janairun 2011, ana dab da rufe kasuwar 'yan wasa, Chelsea ta ƙirga wa Liverpool fam miliyan 50 ta ɗauko Fernando Torres. Kafin wannan dare babu kulob ɗin Ingila da ya taɓa zuba kuɗi haka a kan mutum ɗaya. Mu magoya bayan Chelsea muna da dalilin murna fiye da kowa, domin mun sha wuya a hannunsa. Ƙwallonsa ta farko a Liverpool, a 2007, ragarmu ya jefa ta. A Nuwamban 2010 kuma shi kaɗai ya zura mana biyu a Anfield. Mutumin da ya ci wa Sifaniya kofin Turai a 2008 da ƙwallo ɗaya tilo a ragar Jamus, wanda ya ci 81 a wasanni 142 a Liverpool, yau ga shi ya zama namu.

A unguwarmu son Chelsea yana da tarihi. Manyanmu sun kama shi tun zamanin Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, wanda ya je can a 1997. Mu na baya Mikel Obi ne ya ja mu, da Drogba da Essien. Gidan kallonmu rumfar kwano ce, da dogayen benci, da janareta a bayan katanga, da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli a bakin ƙofa. A wannan rumfa muka shafe shekaru uku da rabi muna gardama ɗaya: a ci gaba da sa Torres, ko a ajiye shi a benci?

Wasansa na farko da tsohon kulob ɗinsa ne, Liverpool ta ci mu ɗaya da nema. Aka ce sabon wuri ne. Fabrairu ya wuce, Maris ya wuce, shiru. A Afrilu, a wasan Zakarun Turai a Old Trafford, Carlo Ancelotti ya fara da shi ya bar Drogba a benci. Da aka dawo hutun rabin lokaci ya musanya su, Drogba ya shiga ya ci, amma aka fitar da mu. Sai a wasansa na 14, ranar 23 ga Afrilu, ana tafka ruwan sama a Landan, ya ci West Ham. Ƙwallon ma ta maƙale masa a ruwa, ya juyo ya ɗirka ta da ƙafar hagu. 'Yan wasan Chelsea suka taru suka danne shi don murna, mu ma a rumfa muka tashi tsaye kamar kofi aka ɗauka.

Zuwa lokacin 'yan Manchester United da Arsenal sun daina kiran sunansa. "Miliyan hamsin" suke ce masa. Da ya taɓa ƙwallo sai ka ji rumfa ta ɗauka. Ranar 18 ga Satumban 2011 kuwa suka sami abin da za su riƙe har abada. A Old Trafford ya ci ƙwallo mai kyau, daga baya ya yanke De Gea, raga ta zama fayau ba kowa, ya buga ta waje. Ya durƙusa a ƙasa. Ban taɓa jin tausayin ɗan wasa kamar ranar ba. Mako ɗaya bayan haka ya ci Swansea, aka ba shi jan kati a wasan. Daga ƙarshen Oktoba kuma ya sake shiga kamfar ƙwallo har zuwa Maris na 2012.

Akwai wani dattijon tela da yake zama a bencin gaba, ba ya goyon bayan kowa, ƙwallon kawai yake so. Wata rana ina ta kumfar baki ina kare Torres, sai ya juyo.

"Kai yaro, ka daina kallon raga. Ka kalle shi lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa."

"Me zan gani, Baba?"

"Ka ga ko yana neman ta, ko yana ɓuya a bayan mai tsaronsa. Wanda yake nema, a bar shi. Wanda ya fara ɓuya, bencin ya fi masa rahama."

Har yau da wannan ma'auni nake auna duk ɗan wasan gaba da ci ya ƙaurace wa. Kuma da shi na auna Torres, na ga abu biyu. Akwai watannin da yake gudu, yana matsa wa 'yan baya, yana buɗe wa wasu hanya, yana ba da ƙwallo a ci. Akwai kuma ranakun da za ka gan shi a gefen fili, nesa da raga, ko ya sami damar bugawa sai ya miƙa wa wani. A ranakun farko ya cancanci kowane minti da aka ba shi. A na biyun, sa shi a fili ƙara masa nauyi ne, domin duk kuskure ɗaya duniya ce take kallo.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2010 sau biyu aka yi masa aiki a gwiwa, na biyun a Afrilu, ya yi gaggawar warkewa don kada gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu ta wuce shi. Sifaniya ta ɗauki kofin, shi bai ci ko ɗaya ba, kuma ya ƙara jin rauni a wasan ƙarshe. Makaminsa na asali saurin tashi ne, takun nan na farko da ya bar Vidic a baya a 2009. Wannan saurin ya ragu tun kafin ya sa shuɗiyar riga. Sannan a Liverpool an gina wasa ne dominsa: Gerrard ya ɗago kai, ya zura ƙwallo bayan 'yan baya, Torres ya bi ta. Chelsea kuwa an gina ta ne a jikin Drogba, wanda yake karɓar ƙwallo ya ba raga baya, ya riƙe ta har Lampard ya iso. An ba Torres mintuna da yawa, amma irin ƙwallon da yake rayuwa da ita ba a cika ba shi ba. A ganina dama ta gaskiya ta haɗa duka biyun, kuma rabi aka ba shi.

Sai daren 24 ga Afrilun 2012 a Camp Nou, a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai. An kori John Terry, Barcelona tana gaba da biyu, Ramires ya ɗaga wa Valdes ƙwallo ta sama ya rage, Messi ya buga fenareti ta daki ƙarfen raga. Mutum goma suka jeru a bakin gida suna tarewa. Torres ya canji Drogba saura minti goma. A ƙarin lokaci Ashley Cole ya dako ƙwallo gaba, sai ga Torres shi kaɗai, rabin fili babu kowa. Rumfa ta yi tsit, domin kowa ya tuna De Gea. Ya yanke Valdes, ya tura ta raga. Benci ya kife, wani ya rungume ni ban san ko wane ne ba, mai gidan kallo yana roƙo a yi hankali da wayar talabijin. Gaskiya ne ko da bai ci ba za mu wuce, saboda ƙwallon Ramires ta waje, bisa dokar wancan lokacin. Amma ita ce ta kashe wasan, kuma mutumin da aka fi yi wa dariya a duniyar ƙwallo ne ya ci ta. A wasan ƙarshe a Munich, shi ya samo bugun kusurwar da Mata ya ɗauko, Drogba ya farke da ka. A 2013, a Amsterdam, shi ya fara cin Benfica muka ɗauki kofin Europa.

Duk da haka akwai waɗanda suka biya kuɗin haƙurin da aka yi da shi, kuma a wancan lokacin ba mu cika maganarsu ba. Ranar da Torres ya zo aka tura Daniel Sturridge aro Bolton, ya ci 8 a wasanni 12. Da ya dawo aka riƙa sa shi a gefe, har aka sayar da shi ga Liverpool a Janairun 2013, inda ya ci 21 a Firimiya a kakar da ta biyo. Romelu Lukaku ya zo yana ɗan shekara 18, ya dumama benci, aka ba West Brom aronsa ya ci 17. Su ma suna neman dama, kuma suna neman ƙwallo ba ɓuya. Abin da ya bambanta su da Torres shi ne ba a kashe fam miliyan 50 a kansu ba. Wannan yana damuna har yanzu, domin ina son Torres, amma na san wani ɓangare na damar da ya samu kuɗin ne ya saya masa.

Ya bar Chelsea a 2014 da ƙwallo 45 a wasanni 172, guda 20 kacal a Firimiya. Diego Costa ya zo ya ci 20 a kaka ɗaya, aka ɗauki kofin. Torres ya ɗan zauna a AC Milan, daga nan ya koma Atletico Madrid, inda ya taso tun yana yaro, dubban mutane suka cika Vicente Calderon don tarbarsa kawai, ba wasa ake yi ba. A watan Janairun 2015 ya je Bernabeu a gasar kofin Sarki, ya ci Real Madrid a mintin farko, ya sake cin ta a mintin farko bayan an dawo hutu, Atletico ta fitar da ita.