Ni da Sarfun Faransanci

Abin da ya sa na shiga koyon Faransanci shi ne wata takarda da ta zo wa mahaifina daga Maraɗi a kan gadon ƙanensa. Muka zaga gari ba mu sami mai karanta ta ba. Tsoho ya dube ni ya ce, "Ashe bokon naka bai kai nan ba?" Wallahi na ji kunya.

Da fari na zaci abin zai zo mini da sauƙi, tun da na sha sarfu da Ajurumiya a zauren malam. Ina! A Larabci in fi'ili ya juya, kunne na ji. Bafaranshe kuwa sai ya rubuta parle, parles, parlent, ya karanta su duka da murya ɗaya, wutsiyar ta ido ce kurum. Wanda ya fi wahalshe ni shi ne aller, watau tafiya: yau vais, gobe irai, sai ka ce ba uwarsu ɗaya ba.

Yau wata 4 ke nan, na gane wajen rabin takardar. Wurin da aka yi maganar gona har yanzu ya gagare ni, ga shi kuwa hutu ya matso.