Shatin Gumi a Ƙirjin Farar Shadda

A watan Afrilun wata shekara da ba ta yi nisa ba, na raka kawuna ɗaurin aure Zariya. Da hantsi muka bar Kano, amma kafin mu wuce Kura rana ta riga ta ƙwalle, iskar da ke shigowa ta taga kuwa tamkar daga bakin tanda take fitowa. Motar Kawu tsohuwa ce, 'yar Kwatano, gas ɗin esinta ya daɗe da ƙarewa. Shi ne ke tuƙi, cikin babbar riga ta farar shadda wadda ta sha bugu, ni kuma ina gefensa da wani yadi mai duhu wanda datti ba ya nunawa a jikinsa.

Tun kafin mu tashi na ga ya jawo bel ɗin kujerarsa, ya zagaya da shi ta bayansa, ya maƙala, sannan ya zauna a kai. Dabara ce da kowa ya sani: motar ta ɗauka an ɗaura, sai ta daina ƙara. Na ce, "Kawu, ba za ku ɗaura ba?" Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "So kake in shiga cikin mutane da layi a ƙirji kamar ɗan sandan da ke faretin ban girma?" Na yi dariya, na yi shiru. Har yau wannan dariyar tana damuna.

Gab da Kwanar Ɗangora wani mai babur ya faɗo titi ba tare da ya waiga ba. Kawu ya taka birki, ya karkatar da sitiyari, muka gangara muka daki bakin wani kwalbati. Ba gudu muke yi sosai ba a lokacin da muka daka, domin birkin ya riga ya ci rabin gudun. Ni na fito da wani jan shati daga kafaɗa zuwa ƙugu, wanda ya yi mako biyu yana yi mini zogi. Kawu kuwa ƙirjinsa ne ya haɗu da sitiyari, haƙarƙari biyu suka karye. Jakar iskar da ya kamata ta tare shi ta riga ta fashe tun motar tana hannun wani, ba a kuma mayar da wata ba.

A asibiti na zaci zai ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kamar yadda duk masu zuwa dubiya suka riƙa faɗi. Da ɗakin ya rage mu biyu, sai ya ce, "Zafi ne, ɗan nan. Wallahi abin nan zafi ne da shi, ga datti." A shekarun da na yi ina aikin jarida na rubuta labarin haɗarin mota fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na kuma sha maimaita kalmomin da muka saba: ganganci, jahilci, rashin bin doka. Kawu ba jahili ba ne, ya yi shekara talatin yana koyarwa. Dalilin da ya ba ni ƙarami ne har ya kusa zama abin kunya, amma shi ne dalilin gaskiya, ban kuma taɓa sa shi a cikin wani rahoto ba.

Wannan magana tasa ce ta dawo mini ranar da na fara cin karo da tunanin yin bel mai hura iska, wato bel ɗin da iska za ta riƙa bi ta cikinsa tana fita ta wasu ƙananan ƙofofi tana busar da gumin wanda ya ɗaura shi. Da farko na ɗauke shi a matsayin wani sabon abin ƙawa na masu kuɗi. Da na tuna Kawu a kan gadon asibiti, sai na fasa yi masa dariya.

Bari mu fara da dalilin zafin. Bel ɗin mota saƙa ce ta zaren foliyesta, faɗinta bai kai santimita 5 cikakku ba, an kuma matse zaren ƙwarai domin ƙarfi ake nema. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce dole saƙar ta ɗauki jan da ya kai nauyin kusan tan ɗaya da rabi kafin ta tsinke. Saƙa mai irin wannan matsi ba ta barin iska ta ratsa ta, foliyesta kuma ba ya shan ruwa kamar auduga. Jikin ɗan Adam kuwa ba fitar gumi kaɗai ke sanyaya shi ba, sai gumin ya bushe ya tafi da zafin. Duk inda bel ya danne riga a kan fata, gumi yana fita amma ba shi da hanyar bushewa. A nan shatin ke fitowa. Sai a haɗa da ƙurar hunturu da ta shekara tana shiga saƙar, da man hannun duk wanda ya taɓa jan ta, da baƙin launin da ke zuƙar rana idan an ajiye mota a fili. Wanda ya taɓa kama ƙarfen bakin bel da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano, ya san sauran bayanin.

Abin da ya ba ni mamaki da na koma tarihin abin shi ne, tun asali sauƙin ɗaurawa yana cikin lissafin wanda ya ƙirƙiro shi. Nils Bohlin, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, ya yi aiki a kamfanin Saab a kan kujerun da ke harba matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi, kafin ya koma Volvo a 1958. Ya san ɗamarar matuƙan jirgi mai maɗaurai da yawa tana riƙe jiki da kyau, ya kuma san mai zuwa kasuwa da mota ba zai tsaya yana ɗaura ta ba. Don haka bel ɗin da ya fito da shi a 1959, wanda ke ratsa ƙirji ya kuma kwanta a kan ƙugu, an tsara shi ne yadda hannu ɗaya zai jawo shi ya maƙala cikin daƙiƙa biyu. Volvo ta bar sauran kamfanoni su yi amfani da ƙirar kyauta, shi ya sa yau kusan kowace mota a duniya take ɗauke da ita. Bohlin ya magance ƙiwar ɗan Adam. Zafin Afrilu kuwa ba matsalar Suwidin ba ce.

Har yanzu ma masu ƙera motoci sun fi jin kukan masu sanyi. A farkon 2023 kamfanin ZF na Jamus ya nuna wani bel da aka saƙa wa siraran wayoyi masu ɗumama jiki, domin motoci masu amfani da lantarki, inda ɗumama ɗakin mota gaba ɗaya ke cinye batir. Ɗumin da bel ɗin ke bayarwa yana kai digiri 36 zuwa 40. Na karanta wannan adadi sau biyu. Abin da injiniyoyin Jamus suka yi wahalar saƙawa da waya, bel ɗin Kawu yana bayar da shi kyauta daga Maris zuwa Mayu.

To, shin ana iya yin akasin haka? Sassan dabarar duk suna nan a warwatse. Tun ƙarshen shekarun 1990 Saab ta sa ƙananan fankoki a cikin kujerun motarta ƙirar 9-5, suna zuƙe iska mai ɗumi da laima daga bayan mai zama ta cikin hujojin fatar kujera, kuma yau irin wannan kujera ta yawaita a manyan motoci. Ford kuma, a motarta Explorer ta 2011, ta fito da bel na kujerun baya mai kumbura idan an yi karo: iskar gas tana fitowa daga wani ɗan tulu a ƙarƙashin kujera, ta bi ta cikin maƙalin, ta cika wata jaka da ke naɗe a cikin bel ɗin. Ke nan an riga an nuna cewa bel yana iya zama mai rami a ciki, iska kuma tana iya shiga ta maƙali ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan bugu ɗaya na lokacin haɗari ya zama huci a hankali na tsawon tafiya.

A nan wahalar take. Bel yana naɗewa ne a cikin wani ƙaramin gida a jikin mota, ana jan sa ana saki sau dubbai, don haka duk ramin da aka bari a cikinsa dole ya jure matsewa ya kuma buɗe. Ba za a ɗauki almakashi a huda shi ba, domin kowane zare da aka yanke ƙarfi ne ya tafi. Sai dai a saƙa ƙofofin tun daga masaƙa. A motocin zamani akwai kuma na'urar da ke fizge bel ta ɗame shi a jiki cikin ƙiftawar ido idan an yi karo, da wata da ke ɗan sassauta shi bayan haka don kada ya karya ƙirjin da yake karewa, kuma duk wani kauri da aka ƙara wa saƙar sai ya daidaita da su. Sannan ga tamu matsalar: ƙofofin da suka yi ƙanƙantar da ba za su raunana bel ba, hunturu ɗaya ya isa ya toshe su da ƙura.

Ko an warware duk wannan, ina da shakka a kan wanda zai amfana. Sabon abu a mota daga sama yake farawa. Zai fara fitowa a motar da esinta ke sa mutum neman bargo, wadda mai ita ba ya gumi tun farko. Kafin ya iso tashar Unguwa Uku zai yi shekara goma sha biyar a hanya, ya bi ta Kwatano, fankarsa ta riga ta mutu, bakaniken da zai duba ta kuma ya ce a cire kawai. Wanda ya fi kowa buƙatarsa shi ne fasinjan motar haya, inda ake zama mutum biyu a gaba, huɗu a baya, bel ɗin baya kuma an tura shi ƙarƙashin kujera tun ranar da aka sayo motar. A irin wannan mota ko bel ɗin ƙanƙara aka sa, ba kowa ne zai samu na ɗaurawa ba.

Duk da haka ba na son a yi watsi da tambayar da wannan tunani ya taso da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya tun farkon 2003. Fiye da shekara ashirin ke nan, kuma duk wanda ke hawa motar haya ya san abin da dokar ta haifar a wurin da yawa daga cikinmu. Direba zai hango jami'ai daga nesa ya ce, "Yallaɓai, ɗan rataya shi." Ka rataya, ka riƙe bakinsa da hannu kamar mai riƙe da linzami, a wuce, ka saki. Tsoron tara yana aiki na tsawon mita ɗari biyu. Sauran tafiyar kuwa tsakanin mutum ne da fatar jikinsa, kuma fata ba ta jin wa'azi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke zaune a gaba da kusan rabi. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa, gudun da muke kira tafiya a hankali, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato saman bene mai hawa uku. Kawu ya san kwatankwacin wannan lissafi, ya ma koyar da irinsa a aji. A safiyar nan ya ɗora shi a kan sikeli ɗaya da shatin gumi a farar shadda, shatin ya rinjaya, domin shi tabbas ne, haɗari kuwa wataƙila ne.

Bayan ya warke na je na same shi da bokiti da sabulu. Muka zaro bel ɗin har ƙarshe, muka maƙale shi da abin shanya don kada ya koma, muka wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, domin bilic yana cinye zaren. Ruwan farko da ya fito kamar na rini. Ashe bel ɗin ruwan toka ne, ba baƙi ba. Muka bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin mu sake shi ya naɗe.

Sauran aikin telansa ne ya yi. Ya ɗinka masa wata siririyar riga ta farin yadin auduga, tsawon kamu biyu, mai maɓalli, wadda ake sa wa bel a daidai inda yake ratsa ƙirji. Na nace kada a yi ta da kauri, kada kuma ta hana bel ɗin komawa gidansa ko ta sa ya yi sako-sako, domin bel mai sako-sako rabin aikinsa ya tafi. Guda uku aka ɗinka, ana wanke su tare da hulunansa. Ranar Juma'ar da ta wuce na bi shi masallaci, na ga ya jawo bel ɗin ya maƙala ta gaba, yana gyara wuyan babbar rigarsa a ƙarƙashinsa. Muna isa danja ya ce, "Har yanzu fa da zafi." Na ce, "Na sani, Kawu." Ya sauke gilashi ƙasa gaba ɗaya, muka jira koren wuta.