Ƙafata da Bahar Maliya

Asabar, 11 ga Janairu
Mun bar Jidda bayan isha'i. Jirgin kamar unguwa guda, hawa kan hawa. Sati goma sha ɗaya yau da karayar idon sawu, sati huɗu da cire siminti. Ƙarfen da aka sa yana nan ciki. Takawa daga bakin tasha zuwa ɗaki kaɗai ta kumbura ƙafar. Ƙanƙara, filo biyu a ƙarƙashi. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai kalli ƙafar ta kalle ni.

Lahadi, 12
Ruwa ko'ina. Kafin kowace salla sai na tambayi alƙibla, tana juyawa da jirgi.

Takardar fita yawo ta iso ɗaki. Uku ne suka shafi abin da ya kawo ni, wato leƙa murjani da tabarau na ruwa da bututun numfashi: Safaga gobe, Sharm jibi, Aƙaba gata. Na sauka wurin masu tikiti. Yarinyar ta yi ta yabon kifaye. Na ce 'yata, ba kifi nake tambaya ba, ta ina ake shiga ruwan, ta ina ake fita? Sai da ta kira wani.

Safaga da Sharm duk da ƙaramin jirgi ne. A tsaya a tsakiyar ruwa, a dira, a dawo ta tsani. Tsanin ƙarfe, jiƙaƙƙe, jirgi yana rawa, nauyin mutum duka a kan ƙafa ɗaya kowane taki. Aƙaba daga gaɓa ake shiga.

Abin da mai gashin ƙashi ta ce kafin mu taso, na sake rubutawa don kada zumuɗi ya mantar da ni: ruwa ba laifi tunda ɗinki ya rufe sarai, yana ma ɗauke wa ƙafa nauyi. Ban da tsalle. Ban da santsi. Ban da takalmin nan mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, yana jan idon sawu.

Ban sayi ko ɗaya ba tukuna.

Litinin, 13. Safaga
Iska tun asuba. Jirgi ya yi shiru, yawanci sun bi motoci zuwa Luksor, sai dare za su dawo. Na gwada tafkin jirgi, ɗiyata a bakin ruwa riƙe da sandata. Minti goma, hannu kawai, ƙafa tana biye a baya. Ba zafi. Wurin fita ne ta soke ni, taki na biyu.

"Baba, ka gani ko?"
Na gani.

Da yamma na daɗe a jikin ƙarfen baranda. Wannan ruwan kakana ya ƙetare daga Sawakin a jirgin katako, bayan shekaru a hanya. Bai taɓa ba mu labarin abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Talata, 14. Sharm
Raina a ɓace. Labarin Ras Muhammad nake karantawa tun kafin haɗarin, wurin da Masar ta fara killacewa a 1983, inda aka ce bangon murjani yana gangarawa har ido ya kasa bin sa. Ga shi nan kusa, ni kuma a zaune. Ɗiyata da mijinta sun tafi. Mu da Hajiya kwale-kwale mai ƙasan gilashi. An ga kifi, an ga murjani, komai ta bayan gilashin da ya dusashe. Ita ta ji daɗi ƙwarai, tana ta tasbihi. Na yi ƙoƙari kada ta ga fuskata.

La'asar. Sun dawo. Surukina ya ce ruwa yana ja, kuma tsanin sai da mutum biyu suka ɗago wani dattijo lafiyayye. Ban san ko don ya lallashe ni ya faɗa ba. Ya dai nuna mini gwiwarsa, ta kuje.

Dare. Na sayi na Aƙaba. An ce ba a mai da kuɗi daga yanzu. Na tambayi rigar ceto, akwai. Takalmin roba mai taurin ƙasa, na samu a shagon jirgi, tsada. Barci ya ƙi.

Laraba, 15. Aƙaba, safe
Kumburi kaɗan. Motsa ƙafa sau ashirin sama, ashirin ƙasa, kamar kullum. Masu zuwa Fetra sun wuce tun da duhu. Mu sai tara. Hajiya ta ce Alhaji, in ka ji wani abu ka fito, ba dole. Na ce to.

Laraba, dare
Na shiga.

Gaɓar kudu da gari, tafiyar minti ashirin ko ƙasa da haka a mota. Ba yashi mai laushi ba ne kamar yadda na zata, tsakuwa ce da duwatsu masu motsi, ga wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya a tsakaninsu. Nan ne wahalar. Surukina a hagu, mai jagora a dama, taki ɗaya ɗaya har ruwa ya kai ƙugu, sannan na kwanta. Sanyi ya fara dukana, mai jagora ya ce digiri 22.

Daga nan ƙafar ta daina zama abin tunani. Ruwan yana ɗaga mutum. Gishirinsa kusan giram 40 a lita, na sauran tekuna wajen 35, don ba kogin da ke zuba a cikinsa kullum, ga rana tana shanye shi. Muna wurin da suke kira Lambun Japan. Murjani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, ƙananan kifaye ruwan lemo ba iyaka. Wani kifi mai ratsi da dogayen ƙayoyi, aka yi mini alama in ja baya, dafi gare shi. Ba a taɓa komai, ba a taka murjani, rai gare shi kuma a hankali yake girma. Numfashina kaɗai nake ji a bututu. Subhanallah na yi ta faɗa a zuci.

Wata tankar yaƙi da aka nutsar a 1999 tana gaba. Ban kai ba. Minti ashirin da biyar, sha-raɓa ya fara ɗaurewa, na ɗaga hannu. Wurin fita dutse ya goce da ni, suka tare. Zafi ɗan lokaci.

Alhamis, 16
Ruwa ko'ina kuma. Ƙafar ta kumbura fiye da ta Asabar, takalmi ya ƙi shiga. Likitan jirgi ya matsa nan da can, ya sa na taka. Ya ce a ɗaga ta, ƙanƙara, in zafin ya ƙaru a ɗauki hoto a Jidda. Ɗiyata ta yi shiru da ni tun safe.

Azahar. Ta kawo mini shayi da kanta.

Isha'i. Na auna da zare: kumburin ya ragu da faɗin yatsa ɗaya. Gobe Yanbu, an ce akwai wani na gaɓa. Takardar tana kan tebur, ban cike ba.