Keke, Kogi da Ƙoda: Abin da Hanyar Haɗejiya Ta Koya Mini

Mai karatu, shekara da shekaru ina tsaye a tagar bayar da magani ta asibiti, ina ja wa mutane kunne kan shan maganin ciwon jiki barkatai. Sai ga shi ranar da jarrabawar ta zo kaina, na faɗi. Labarin wannan faɗuwa nake son ba ka, ko za ka tsira daga irinta.

A watan Disamba ne, hunturu ya kankama, ni da abokina muka ɗaure jakunkuna a bayan kekunanmu muka bar Kano da asuba, da niyyar isa Haɗejiya cikin kwana uku, muna kwana a masaukan da ke kusa da kogi. Na tanadi faci da famfo da tub biyu da gidan sauro. Ruwa kuwa, gora ɗaya kacal na ɗauka, domin a ganina sanyi ake yi.

A nan kuskuren ya fara. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye gumi kafin ya jiƙa riga, saboda haka mutum yana zubar da ruwan jikinsa bai sani ba. Da muka wuce Ringim a rana ta biyu, gwiwata ta dama ta fara suka. Na haɗiyi diclofenac da hantsi, na ƙara ibuprofen bayan azahar, na ci gaba da taka feda. Ciwon ya lafa, har na riƙa yi wa abokina tsiya cewa ya tsufa.

Dab da magariba muka sauka a wani masauki a bakin kogi. Masunta suna ɗaure kwale-kwale, makiyaya suna kora shanu daga mashaya, ƙamshin kifi banda ya cika wurin. Duk wannan ban ji daɗinsa ba, don kaina yana sarawa, kuma na tuna tun safe ban yi fitsari ba. Da na matsa, ɗan kaɗan ya fito, launinsa kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Gabana ya faɗi, domin na san ma'anar abin da na gani.

Ga yadda abin yake. Idan ruwa ya ragu a jiki, ƙoda tana dogara da wasu sinadarai da ke buɗe ƙananan hanyoyin jininta domin ta ci gaba da tacewa. Aikin diclofenac da ibuprofen da danginsu shi ne hana samar da waɗannan sinadarai, ta haka suke kashe ciwo. Wanda ya sha su cikin ƙishirwa da aikin ƙarfi ya rufe wa ƙodarsa ƙofar da ta rage mata. Ni kuwa har iri biyu na haɗa.

Dattijon da ke kula da masaukin ya dube ni ya ce, “Ɗana, idonka ya faɗa. Ruwa ka rasa.” Na ce, “Baba, a taimaka mini da tafasasshen ruwa da sukari da gishiri.” Na auna ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya, na yi ta kurɓa har tsakar dare. Sai gab da asuba fitsarin ya saki. Da gari ya waye muka ɗora kekunan a mota muka koma. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta jigata, amma cikin ikon Allah ta dawo daidai bayan 'yan kwanaki. Ba kowa ke samun wannan sa'a ba.

Idan kana shirin irin wannan tafiya, kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha ruwa. Launin fitsarinka ya fi maƙogwaronka faɗin gaskiya. Ka riƙe ƙunshin ORS a jaka. Idan gaɓa ta yi ciwo, fara duba tsayin sirdinka ka kuma huta. Idan sai an sha magani, paracetamol ya fi sauƙi ga ƙoda, kuma babba kada ya wuce giram 4 a yini. Wanda ya yini bai yi fitsari ba, ko ya fara amai da ruɗewa, asibiti ya kamata ya nufa.

Shi ma kogin yana da nasa sharaɗin. Bayan doguwar tafiya babu abin da rai ke so kamar faɗawa ruwa, amma a ruwan da ke kwance a gefen kogi ake samun katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata take shiga, kuma jini a fitsari ba ya bayyana sai bayan makonni. Ka yi wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse. Idan ka riga ka shiga, je a gwada ka bayan kamar wata biyu, domin praziquantel ba ya kashe tsutsar tun tana ƙarama. Sauro kuma ba ya ƙaura daga fadama don an shiga rani: ka ɗaura gidan sauronka, kuma duk zazzaɓin da ya zo mako ɗaya ko fiye bayan kwana a bakin ruwa, a yi gwajin jini kafin a sha magani.

Ban yar da keke ba. Ina da niyyar komawa in ƙarasa hanyar, in ga tsuntsayen dausayin Baturiya, in kuma gaida wannan dattijo. Sai dai gora uku zan ɗaura, diclofenac kuwa zai zauna a gida. Allah Ya tsare mana lafiyarmu, Ya kai mu inda muka nufa.