Kwalekwale da batiri: lissafin da ya kamata a fara yi

Mu a Mai Yara ba mu da ruwan da za a sa wa jirgi. Tabkunan ƙasar Dakoro da damina suke cika, kafin tsakiyar rani sun ƙafe. Sai dai samarinmu suna cin rani kudu, wasu har Tabkin Madarunfa, inda masunta ke tura kwalekwale da filafili. Daga can ɗan yayata ya dawo da burin sayen ƙaramin inji mai aiki da batiri, irin na wasu tabkunan Turai da Amurka da aka hana injin fetur. Ba ƙara, ba mai a cikin ruwa.

Ban hana shi ba, alli na miƙa masa. Batirin ruwa mai bolt 12 da aka rubuta wa 100, rabinsa kaɗai ake ci in ana so ya daɗe. Inji kuwa yana iya jan 30 kowace awa. Raba 50 da 30: awa ɗaya da minti 40, ke nan ban da iska da nauyin katako, ga batirin kansa ya kusa kilo 30. Mayar masa da wuta da allon hasken rana mai wat 100 ya fi yini guda.

Malamai, rabawar firamare ce fa wannan. Ita ce kuma iyaye ba sa yi in sun sayo batirin fitilar karatun yara, a tsotse shi ƙarƙaf kowane dare, ya mutu kafin shekara, a ce ɗan kasuwa ya cuce su.

Yaron dai yanzu kwalekwale marar nauyi yake nema, kuma ya fasa sayar da filafilinsa.