Dutsen da Ƙanena Ya Gina

A hutun Babbar Sallar bara na je gida Fulatan, a Ƙaramar Hukumar Rogo, na tarar da wani dutse a ƙofar gidanmu inda ban taɓa sanin akwai dutse ba. Tsayinsa ya kai ƙirjina, ga tsaga, ga rami, har da dabbare-dabbaren da ruwan damina kan bari a jikin fa. Sai da na ƙwanƙwasa shi na ji ya amsa kamar tulu, sannan na gane aikin hannu ne. Ƙanena ne ya gina shi, bayan ya shafe shekaru yana bin magina a Kano.

Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda abin yake. Da farko ana lanƙwasa rodi a yi ƙashin dutsen, a lulluɓe shi da ragar waya, sannan a yaɓa siminti da yashi. Kafin ya bushe sai a danna masa tsohon buhu ko soso don ya yi kaushi, a tsaga shi da bakin cokalin gini, a ƙarshe a shafa masa launi. Ya ce wahalar ba a yaɓen take ba, a kallo take: mai son kwaikwayon dutse sai ya zauna gaban na gaske ya lura da inda ruwa ke bi da inda rana ke ƙonawa.

Wannan sana'a tsohuwa ce a wasu ƙasashe. A ƙarni na 19 iyalan Pulham na Ingila sun yi suna wajen ƙera duwatsun lambu na jabu, kuma a lambun Buttes-Chaumont na birnin Faris, wanda aka buɗe a 1867, an yi ado da irin wannan aiki na siminti. A nan gida, siminti ne Susanne Wenger da Adebisi Akanji suka sarrafa a kurmin Osogbo, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2005. Mu a Arewa muna da dalili na musamman na karɓar ta. Musulmi na ƙyamar sassaƙa siffar abu mai rai, amma dutse ba shi da rai. Ga ƙofa ta buɗe wa matashin da Allah ya ba baiwar hannu, kamar yadda zayyanar bango ta buɗe wa maginan da.

Sai dai wata magana ta kawunmu ta hana ni barci. Da ya dubi aikin, ya yaba, sannan ya tambaya: "Ɗana, simintin nan daga ina?" Amsar ita ce daga dutse. Duwatsun farar ƙasa ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato da Obajana ta Kogi a ƙona su zama siminti. Tsakuwar kankare kuwa duwatsunmu ne ake fasawa da nakiya. Wato muna rushe dutsen da Allah ya kafa, mu kwashi garinsa mu je birni mu gina hotonsa a harabar otal.

Ban ce ƙanena ya bar sana'arsa ba. Da ita yake ciyar da iyali, kuma halal ce. Amma dutsensa ba ya tara ruwa a kwarmi, rema ba ta zama a kogonsa, mata ba sa shanya hatsi a kansa. Kano kanta a gindin Dala ta tashi, kuma zanen da magabata suka bari a duwatsun Birnin Kudu ya tsira ne domin ba a kai musu guduma ba.

Roƙona ga hukumomi da masu unguwanni a Rogo da Karaye shi ne, kafin a ba da izinin fasa kowane dutse, a tambayi mutanen da ke zaune a gindinsa. A ware waɗanda ba za a taɓa ba. Ƙanena ma yana buƙatarsu, domin ranar da na gaske suka ƙare, ba shi da abin da zai kalla ya kwaikwaya.