Fim ɗin da Ake Kallo da Kunne

Aikin rediyo ya saba mini da auna komai da kunne. Ko fim nake kallo, nakan rufe ido na ɗan lokaci in ji ko zancen da ake yi zai iya riƙe ni ba tare da hoto ba. Yawancin manyan finafinan Amurka ba sa cin wannan jarrabawa: da an cire ƙarar bindiga da gudun mota, sai ka ji wayam. Masu cinta su ne ƙananan finafinan barkwanci da ake shiryawa ba da kuɗin manyan kamfanoni ba.

Wanda na fi komawa gare shi shi ne Clerks, na 1994. Kevin Smith ya shirya shi da dala 27,575, kuɗin da ya haɗa da bashi da sayar da littattafansa na zane. A kantin da yake aiki a jihar New Jersey aka ɗauke shi, hoton baƙi da fari, da dare bayan an tashi. Don kada a gane dare ne, sai labarin ya ce wani ya cusa cingam a kwaɗunan marufin tagar, ya ƙi buɗuwa. Talauci ya koma abin dariya.

Me ke cikinsa? Samari biyu, Dante da Randal, masu jiran kanti, suna musu kan kwastomomi da 'yan mata da tsofaffin finafinai. Bakinsu ba linzami, don haka ba na kallo da yara ba ne. Amma a ƙarƙashin shirmen akwai ciwo: Dante ya wuni yana ƙorafin ba ranar aikinsa ba ce, alhali tsoro ne ya hana shi barin aikin da ya tsana. Duk wanda ya taɓa zama a fada ana dafa shayi ya san irinsa, mai ba kowa dariya da abin da ke hana shi barci.

Wannan ne ke jan raina. Dariyar faɗuwa a kwata sau ɗaya ake yinta, amma dariyar magana takan bi ka har gida, ka tuna ta kana cin tuwo.

Shi ya sa idan matashi ya ce mini rashin kuɗi ne ya hana shi yin fim, nakan tambaye shi ko ya rubuta hirar tukuna. Kyamara ana aronta. Zancen da mutum biyu za su yi har a ƙi tashi, wannan kam sai ka zauna ka saurari mutane.